Ɗankwali a Ƙofar Kurkuku

Daga tsibiri, watan shida

Ƙanwata Siu-lan,

A shekarar da babban jirgin nan na Amurka ya hau dutse a bayan ƙauyenmu, iyayenmu suka yi ta jido Turawa a kwale-kwale, ni haƙoran gabana ne suke zubewa, yayarki A-kiau, wadda ta zama matata, tana goye, ke kuwa ko labarinki babu. Na faɗi haka ne don ki tuna wa ya girmi wa kafin ki fara yi mini baki.

Ina gaishe ki, ina gaida yara da jikoki can Kaohsiung. Ni dai gwiwa ce, sai kunnen hagu da ya ajiye aiki. Abinci kuwa ina ci. Tsoho Si mai gadin ɗakin bautar Uwar Teku ne ke rubuta mini, kin san ban taɓa zama a bencin makaranta ba. Na ce masa ya sa magana yadda ta fito, kada ya yi mata kwalliya.

Bana A-kiau ta cika shekara takwas a ƙasa, lokacin da za a tono ƙashinta a tsince a zuba a tulu ya yi, yadda al'ada ta ce. Na yi magana da mai tsinta daga Taitung, zai zo idan sanyi ya shiga. Na sayi tulu mai kyau. Wurinta yana nan a kabarin gidanmu na Tien, gefen inda nawa zai zauna. Ana haka sai ɗanmu Bun-hiong ya bugo waya, ya ce, "Baba, Mama ta bar mini magana a asibiti. Ta ce a kai tulunta gonar gyaɗar Kaka." Na ce, "Wace gonar?" Ya ce, "Ta kan tudu, wadda ke jikin maƙabartar fursunoni." Na ce, "Shekara takwas kana riƙe da wannan a baki?" Ya ce, "Na san halinka ne." Na kife wayar.

Kin san wanda ke kwance daf da iyakar gonar nan. Dogo ne, fursunan nan ɗan Shandong da aka kawo daga can tsallaken teku.

Yanzu sun mayar da kurkukun gidan kallo. Samari da 'yan mata suna zuwa a kan babur da gajeren wando suna ɗaukar hoto a jikin katanga, ana kirana in ba su labari, don ni kaɗai na rage cikin waɗanda suka ga ranar da aka sauke fursunonin siyasar nan. Ina faɗa musu yadda suka fito daga jirgi cikin kaya ruwan toka, jere kamar tururuwa, fuskokinsu fari fat saboda daɗewa a duhu. Mai unguwa ya bi gida-gida yana cewa waɗannan masu kashe iyayensu ne, wanda ya yi musu magana zai bi su ciki. Ina faɗa musu lokacin ko katanga babu. Su da kansu suka fasa duwatsun bakin teku masu yanka hannu, suka ɗauko a kafaɗa, suka gina katangar da aka kulle su a ciki. Ina faɗa musu a cikinsu akwai likitan da ya yanke wa ƙanen babana yatsa ya rayu. Duk wannan ina faɗa. Abu ɗaya ne ban taɓa faɗa wa kowa ba.

Wata safiya na kai kifi kurkuku, na ga ɗankwali rataye a ƙofa. Aka ce an kama Dogo wajen yankan ciyawa da dafaffiyar gyaɗa ƙunshe a ciki, an rataye shi ne don a gane mai shi. Shuɗi ne mai fararen furanni, gefe guda da ɗinkin jan zare. Ni na sayo shi a Taitung watan da muka yi aure. Na koma gida na ce mata, "Ina ɗankwalinki?" Ta ce, "Iska ta ɗauke a kan tudu." Ban sake tambaya ba.

Bayan Dogo ya mutu, duk ɗaya ga wata da sha biyar ga wata sai ta ajiye ƙoƙon giyar shinkafa da kwanon abinci a bayan ƙofar kicin, ta ce na matattun da ba su da gida ne. Ranar sharar kabari, idan an gama da na gidanmu, sai ta ɗauki lauje ta ce za ta duba gyaɗa. Wace gyaɗa ake dubawa da turaren tsinke a aljihu?

Gonar nan taku ce ku biyu, ba a kai tulu sai da yardarki. Ki ce a'a. Sannan ki faɗa mini abin da ke tsakaninsu, ke ce kike bin ta tudu a lokacin.

Yayanki,
Tien Hok-lai


Daga Kaohsiung, watan bakwai

Yaya Hok-lai,

Gaisuwa ta iso. Yara lafiya, ni ce dai idon dama ya yi hazo, likita ya ce sai an kankare. Gwiwarka kuwa ka daina hawan tudu kana leƙen matattu, za ta huta. Ka gaida Si, ka ce masa rubutunsa har yanzu kamar kaza ta bi ta kan laka.

Tsohon kaguwa, har yau kana tafiya a karkace. Shekara hamsin kana zagaye magana guda, sai da mai amsa ta zama ƙashi sannan ka buɗe baki.

Maganar gona, ban yarda ba. Amma kada ka yi murna, ba don kai na ƙi ba.

Ka ce kana ba masu kallo labari. Kana faɗa musu Dogo yaro ne ɗan makaranta lokacin da aka kama shi, bai san kowa ba a duk ƙasar nan? Kana faɗa musu cikin yarenmu kalma biyu kawai ya iya, gyaɗa da na gode, kuma duka biyun a karkace yake faɗa? Ka tuna ranar sabuwar shekara da aka bar mu muka shiga fili kallon wasa, ya fito da gogen da ya sassaƙa daga katakon jirgin nan naka na Amurka, tsirkiyarsa wayar lantarki? Har sojan da ke bakin ƙofa ya sauke bindiga. Kai kana can baya kana warin kifi, kana tambaya yaushe za a raba alewa. Idan zai shiga bukkar gonarmu neman ruwa sai ya sunkuya. Duk tsibirin nan babu namijin da ya taɓa sunkuya wa ƙofar nan.

Yayata A-kiau kuwa, ya ishe ta haka. Shekara arba'in tana da shi ita kaɗai, ta hau tudu ranar da ta ga dama, ta cire masa ciyawa da hannunta, ta zauna ta yi masa hira. Yanzu kuma har ƙashinta za a kai masa? A'a. Ka ajiye matarka a gidanku.

Zancen ɗankwali ba na takarda ba ne, balle takardar da Si zai karanta da wannan muryar tasa, rabin ƙauye na zaune a bakin ɗakin Uwar Teku suna shan iska.

Ƙanwarka,
Siu-lan


Daga tsibiri, ƙarshen watan bakwai

Siu-lan,

Ina fata idon da sauƙi. Ni lafiya lau, babu abin da ya same ni.

Na sa Si ya karanta mini takardarki sau biyu. Da ya zo wajen "tana da shi ita kaɗai" sai ya fara tari, na ce, "Karanta, ba kai aka ci amana ba." Ya ce, "Hok-lai, ba haka na fahimta ba." Na ce, "An ɗauke ka fahimta ne ko rubutu?" To na ji. Abin da na tambaya kin amsa, har da ƙari. Ni mai warin kifi ne. Kifin nan dai shi ya ciyar da yayarki, shi ya saya miki tikitin jirgin da kika bar tsibirin nan.

Tunda kin tuna goge, bari in tuna miki sauran, don ke an tura ki Kaohsiung a watan, ba ki ga ƙarshe ba. Sun tambaye shi mai ɗankwalin, ya ƙi faɗa. Suka sa shi a ɗakin siminti na bakin teku wanda sojan Japan suka bari, mara taga sai huda guda. Da rana ciki kamar tukunya, idan teku ta cika kuma ruwa ya shigo har gwiwa. Shinkafa da gishiri suke tura masa, ruwan sha ɗan kaɗan. Ina wucewa a kwale-kwale ina jin yana tari. Da suka fito da shi ba ya iya miƙewa, likitocin cikinsu suka yi iya yinsu da abin da ke hannunsu, kafin gyaɗa ta nuna ya tafi. 'Yan'uwansa fursunoni suka ɗauke shi a akwatin katako, suka kafa masa ɗan dutsen siminti da bai kai gwiwata ba. Runduna-runduna aka kasa su a kurkukun, shi ya sa suke cewa wanda ya mutu an yi masa canjin runduna.

Na ga na bayansu ma. Da aka gina sabon kurkukun, mai doguwar katanga da waya a sama, ba a sake fito da kowa yankan ciyawa ba. Ta ƙaramar ƙofa nake miƙa kifi, ban ga fuska ba sai hannu. Tagoginsu can sama, mutum ba ya ganin teku sai dai ya ji ta. Akwai ɗakunan da aka lulluɓe bangonsu don kada mutum ya fasa kansa. Idan iska ta juyo sai ka ji jan sarƙa a kan siminti. Duk wannan yana kaina, ba a takarda ba. Na tausaya musu, har yau ina tausaya musu. Shi ɗin ma na tausaya masa, shi ya sa abin ya fi ci mini rai. Da ɗan iska ne da na huta.

Shekaranjiya na hau tudun. Tun da A-kiau ta rasu ko ɗigo ban zuba masa ba, ciyawa ta rufe dutsen sai da na laluba da sanda. Na tsaya na ce masa, "Kai ka ji daɗi. Ka mutu gashinka baƙi, haƙoranka cif. Ba ta taɓa jin minsharinka ba, ba ta taɓa wanke maka wando ba, ba ta gan ka kana amai a bakin ƙofa ranar biki ba. Ni ta ga duk wannan. Wa zai yi gasa da kai?" Ɓata yawuna kawai na yi. Dama can ba ya jin yarenmu.

Ga abin da na yanke. Tulunta zai shiga kabarin Tien, don matar gidan ce, ta haifa mana ɗa. Amma na faɗa wa Bun-hiong idan nawa ya zo a kai shi can ƙarshe kusa da uwata, a bar fili tsakaninmu. Ba na matsa wa wadda hankalinta ke wani wuri.

Hok-lai


Daga tsibiri, watan tara

Siu-lan,

Muna lafiya. Guguwa ta kwashe rufin kicin da guda cikin bareyin da maƙwabcina ke kiwo, jirgi ya daɗe bai zo ba. Na ce to takardarki tana Taitung tana jiran teku ta kwanta. Jirgi ya zo, na tsaya a bakin gaɓa har aka sauke buhun ƙarshe. Ya sake zuwa, na sake tsayawa. Si ya ce wataƙila idon ne. Na ce ido ne ke riƙe alƙalami?

Shirunki ma amsa ce. Mai tsinta ya duba rana, farkon watan sha ɗaya. In za ki zo ki zo, in ba za ki iya kallon idona ba ki zauna.

Hok-lai


Daga Kaohsiung, watan goma

Yaya Hok-lai,

Si, ka tashi ka rufe ƙofa, ka kori masu shan iska, ka karanta masa ta kunnen dama.

An kankare idon, na daɗe da bandeji. Takardunka biyu suna kan tebur, 'yata ta ce ta karanta mini ta rubuta amsa, na hana. Wannan ba amsar da 'ya za ta rubuta wa uwarta ba ce.

Ni na ɗauki ɗankwalin. Nawa tsumma ne, na Yaya sabo, mai furanni, mijinta ya sayo mata daga Taitung, duk ƙauye an sani. Na zare shi daga igiyar shanya, na ɗaura, na hau tudu don ya gan ni da shi. Da na ga ba ni da abin ƙunshe gyaɗar sai na kwance na ba shi duka, ina so ya riƙe wani abu da ya taɓa kaina. Shekarata sha bakwai. Yaya ko kusa da shi ba ta taɓa tsayawa ba, tsoron sojoji take ji.

Ita ma ta ga ɗankwalin a ƙofa. Ta ja ni bayan bukka ta mare ni, sannan ta je ta faɗa wa Baba a tura ni aikin masaƙa kafin a fara bin gida-gida. Ranar da zan shiga jirgi na riƙe ta na ce ta rantse ba za ta faɗa wa kowa ba, har kai. Da labarin mutuwarsa ya iso ni, na aika mata cewa ba shi da uwa a nan, ba shi da ɗa, babu mai zuba masa ruwa, zai yi ta yawo da yunwa. Ni kuma daga baya na shiga gidan mutane, ba a ajiye ƙoƙon wani namiji a kicin ɗin surukai. Ta ce ta ɗauki nauyinsa.

Na taɓa ce mata, bayan an buɗe ƙofofin kurkukun kowa ya tafi gida, ta faɗa maka mana. Ta ce, "Ya tambaye ni sau ɗaya na yi masa ƙarya. Ranar da ya tambaya na biyu zan faɗa masa gaskiya." Ta jira ka, tsohon kaguwa.

Zancen gona kuwa, a asibiti ta yi mini shi kafin ta yi wa Bun-hiong. Ta ce, "Yaran nan ba za su hau tudu don baƙo ba. Amma in ina can dole su zo ranar shara, kuma wanda ya share wa uwarsa ba zai tsallake na gefenta ba." Ƙashinta take so ta yi tarko da shi, ta jawo masa masu shara. Kai ma ka ga yadda ciyawa ta yi a shekara takwas.

Kana so ka san me ya sa na ƙi? Ni nawa tulun za a ajiye shi a wani dogon benen matattu nan Kaohsiung, a kan kantar ajiya, gefen mijina da uwarsa da ba ta taɓa sona ba. Ni na so shi, ni na jawo masa ɗakin siminti, amma ko dutsensa ban taɓa gani ba. Ita ta samu kabarin, ta samu hirar, yanzu za ta samu maƙwabtakar. Kai kaɗai ka iya kishi?

Na janye a'ata. Gonar tana hannunka, ka yanke. Sai dai ba zan rantse maka a kan zuciyarta ba. Aikena ta fara yi, wannan na sani. Amma mutum ba ya ciyar da wani shekara arba'in bai ji komai ba. A ƙarshe-ƙarshe idan tana ba ni labarinsa, ba ta cewa naki, sai ta ce namu.

Siu-lan


Daga tsibiri, ƙarshen watan goma

Ƙanwata Siu-lan,

Na ji daɗi ido ya buɗe. An gyara rufin kicin. Gwiwa tana nan yadda take.

Si ya karanta, ya cire tabarau ya ce, "Na faɗa maka." Na ce, "Ba ka faɗa mini komai ba, tari ka yi." Na zauna a wurin har rana ta juya. Ɓarauniyar ɗankwali. Da na sani tun lokacin da na sayo biyu.

Da farko na ce shi ke nan, a kai ta gidan Tien, a matso da nawa jikin nata, ni in riƙa hawa ina yi wa Dogo shara. Si ya ce, "Da wace gwiwar? Kuma bayan kai wa?" Ba na son ranar da Si ya yi gaskiya. A-kiau ta san ɗanta. Bun-hiong ko kabarin kakansa sai an yi masa waya sau uku.

To za ta hau tudu, yadda ta ce. Amma wannan "namu" da kika sa a ƙarshe ya tsaya mini a wuya, kuma na san da gangan kika sa. Ba zan bar matata ita kaɗai a kan tudu da mai goge ba, ga iska ga teku, ba kowa. Na aika Taitung a kawo tulu na biyu tare da mai tsinta. Si ya ce kakannin Tien za su yi fushi in na bar layinsu. Na ce suna da yawa a can, su yi hira da junansu. Ya ce ba a kafa tulun mai rai. Na ce za a fara daga kaina. Kafin in iso, hular kamun kifina za ta zauna a ciki, ya san wurin da mai shi.

Ki zo farkon watan sha ɗaya. Ki sha maganin amai kafin ki shiga jirgi, teku ba ta da kirki a wannan lokacin. Zan hau da ke ki ga dutsen da sabon idonki, in koma gefe in ba ku wuri. Kada ki zo da ɗankwalin kowa.

Gobe da safe zan dafa gyaɗa, in ɗauki lauje da igiya da ƙoƙon nan na bayan ƙofa in hau. Zan yanke masa ciyawa, in zuba masa giya, in faɗa masa gyaɗar daga wa take, da ƙarfi, har sai ya gane. Sannan in ja igiya daga dutsensa zuwa cikin gona in auna wurin tulu biyu. Nata daga can, nawa a tsakiya.

Yayanki,
Tien Hok-lai